Yadda Za Ka Haɗa wa Ƙaramin Yaro Tankin Kifin Teku Mai Murjani

Yaran da suka kalli fim ɗin Finding Nemo, wanda ya fito a 2003, da wuya ka samu wanda bai nemi a saya masa wannan ɗan kifi mai ruwan lemo da fararen zobba uku ba. Ana iya ajiye shi a gida, har da murjani mai rai a gefensa. Sai dai tun kafin ka sayi ko da bokiti, ka sa a ranka cewa sunan yaro kawai tankin zai ɗauka, aikin naka ne. Ɗan shekara huɗu zuwa bakwai zai iya zuba abinci, ya karanta ma'aunin zafi, ya ƙirga katantanwa. Haɗa ruwan gishiri da gwaji da duk abin da ya shafi lantarki kuwa ba nasa ba ne. Kifin kuma yakan haura shekara 10 in ya samu kulawa, wato yaron na iya shiga sakandare kifin yana nan yana jiran abinci.

Wuta da zafi: a nan ake yanke shawara

Ruwan tankin murjani yana son ya zauna tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana. In ya haura 29 ya daɗe a haka, murjani zai fara fari ya mutu, iskar da kifi ke shaƙa a ruwa ma ta ragu. Wanda ke zaune a ƙasa mai sanyi irin Ingila galibi hita kawai yake buƙata. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Yamai matsalarsa akasin haka ce, domin daga Maris zuwa Mayu zafin waje yakan wuce digiri 40, ɗaki ma ba ya tsira. Saboda haka ka fara da gwaji mai arha: cika bokiti da ruwa, ajiye shi a inda kake son sa tankin, jefa ma'aunin zafi a ciki, ka riƙa dubawa da asuba da la'asar har mako guda. In ruwan yana kai 30, to kana buƙatar ɗaki mai na'urar sanyaya iska ko injin sanyaya ruwan tanki, dukansu kuma masu cin wuta ne. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya zuwa biyu, musamman inda iska take a bushe, amma tana sa ruwa ya ƙafe da sauri.

Sai maganar ɗauke wuta. In injin da ke juya ruwa ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i iska za ta ƙare wa kifi, tun ba a lokacin zafi ba. Injinan ƙaramin tanki ba su da cin wuta sosai, ƙaramar inbata da batir ko sola za su riƙe su. Ka kuma ajiye ɗan injin hura iska mai amfani da batir saboda ɓacin rana. In ka duba ka ga ba za ka iya tabbatar da wuta awa 24 da sanyin ɗaki ba, shawarata ka haƙura da ruwan gishiri, ka haɗa wa yaron tankin ruwan daɗi da kifi masu juriya irin su gofi. Ya fi ka tashi da safe kana neman yadda za ka yi wa ɗan shekara biyar bayanin dalilin da Nemo yake kwance a ƙasa.

Abu na ƙarshe kafin kashe kuɗi: ka nemo wanda zai riƙa sayar maka da gishiri da kayan gwaji da kifin. Kifin teku na ado mafi yawansa daga Indonesiya da Filifin ake fitar da shi, ba kowane mai sayar da kifin ado ke ajiye shi ba. Mazauna Jidda da Fot Sudan suna bakin Bahar Maliya mai cike da murjani, amma kada wannan ya ruɗe su su je su ɓallo daga teku. Ƙasashe da yawa sun hana, kuma murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan fataucin dabbobi da tsirran daji, sai da takarda ake tsallaka iyaka da shi.

Mataki na 1: tanki da mazauninsa

Mutane sukan ɗauka ƙaramin yaro ƙaramin tanki ya dace da shi, lita 20 ko ƙasa da haka. Kuskure ne. Gwargwadon ƙanƙantar ruwa, gwargwadon saurin lalacewarsa: ɗan abinci ya yi yawa, ko zafi ya ɗan tashi, sai komai ya rikice kafin ka ankara. Ka nemi lita 60 zuwa 80. Irin wanda aka raba masa ɗaki a baya don matatar ruwa da injin ya fi sauƙi, domin babu tiyo a waje da yaro zai ja.

Tankin lita 75 da ruwansa da dutse da yashi yakan kai kilo 100. Teburin karatu ba zai ɗauka ba. Ka samu teburi mai ƙarfi wanda ya daidaita ba karkata, in da hali a ɗaure shi da bango, domin yara suna hawa duk abin da ya tsaya. Tsayinsa ya zama yaro na iya kallo a tsaye ba sai ya taka kujera ba. Kada rana ta riƙa dukansa ta taga. Falo ya fi ɗakin kwanan yaro, saboda idonka na kai, kuma ba za a wayi gari an ga biskit ko motar wasa a ciki ba. Murfi wajibi ne, na raga ya fi na gilashi a ƙasa mai zafi: yana hana kifi tsalle, yana kuma rage shigar ƙananan hannuwa.

Mataki na 2: kayan aiki

Kana buƙatar fitilar LED da aka yi musamman don murjani, mai fari da shuɗi, da na'urar da ke kunna ta ta kashe da kanta. Sai injin mayar da ruwa, da ɗan injin kaɗa ruwa, su biyun a haɗe su juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa, wato lita 750 zuwa 1,500 ga tankin lita 75. Sai hita mai wat 50 zuwa 100 don hunturu, ma'aunin zafi, audugar tacewa, magogin gilashi mai maganaɗisu, bokiti biyu sababbi da ba su taɓa ganin omo ba, tiyo, da safar hannu doguwa. Kayan gwajin amoniya da nitrit da nitret da alkali (ƙarfin ruwa na hana tsami), irin na kamfanin Salifert ko Red Sea, kada a yi musu rowa. Injin cire datti ta hanyar kumfa da manyan tankuna ke amfani da shi ba dole ba ne a wannan girman, canjin ruwa na mako-mako ya wadatar.

Wutar lantarki ta fi saurin bin ruwan gishiri fiye da ruwan daɗi. Ka sa mai gyaran wuta ya haɗa maka na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take in ta fara zuba. Soket ya kasance a sama cikin akwati mai makulli, kowace waya kuma ta sauka ƙasa da soket ɗin sannan ta hau, domin in ruwa ya bi ta ya ɗiga ƙasa maimakon ya shiga ramin.

Mataki na 3: ruwa da gishiri

Mai tankin murjani ruwa yake kiwo, kifi da murjani suna bin bayan ruwan ne. Ruwan famfo yana da kulorin, ruwan rijiya da na burtsatse sukan zo da nitret da ƙarfe da sinadarin silika, duk abincin gansakuka ne. Tagulla kuwa, ko 'yar kaɗan ce, tana kashe murjani da katantanwa da jatan lande. Abin da ake so shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO/DI, mai cire kusan duk abin da ya narke a ruwa. Akwai ƙaramin ma'auni mai kama da biro da ake kira TDS, yana nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ana son ya nuna sifili, ko kusa da haka. Ko ruwan leda ko na gora za ka saya, kada ka dogara da rubutun jikinsa, tsoma ma'aunin ka gani.

Gishirin miya ba ya yi. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadarai da murjani ke gina jiki da su, don haka sai gishirin da aka haɗa don tanki, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. Ma'aunin teku shi ne giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa, wanda a na'ura yake fitowa 1.025 zuwa 1.026. A aikace za ka zuba kusan giram 360 zuwa 380 a lita 10, sannan ka auna ka gyara. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan gishiri a hankali, injin yana kaɗawa. In ka zuba ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam zai daskare ya yi fari, ba zai sake narkewa ba. Ka bar shi ya kwana yana juyawa.

Na'urar auna gishiri mai kama da ƙaramin madubin hangen nesa ta fi ta roba mai allura. Ana ɗiga ruwa digo biyu ko uku a kan gilashinta, a rufe, a ɗaga ta wajen haske a leƙa. Za ka ga sama shuɗi, ƙasa fari, inda suka haɗu a kan layukan shi ne gishirinka. Yara suna son wannan leƙen ƙwarai, ka bar shi ya faɗa maka lambar, sannan ka duba da kanka. Lokaci-lokaci ka daidaita na'urar da ruwan gwaji na 35 da ake sayarwa.

Ga inda sababbi suka fi faɗawa. Ruwan da ya ƙafe daga tanki ruwa ne zalla, gishirin yana nan ciki, kamar miyar da aka bari a kan wuta, tana raguwa gishirinta na ƙara fitowa. Don haka cikon yau da kullum da ruwan RO/DI marar gishiri ake yi. Ruwan gishiri sai ranar canjin ruwa. Ka manna tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, kullum a cika zuwa nan. Lokacin hunturu, ko in fanka na aiki, za ka iya cika lita ɗaya ko fiye a rana.

Mataki na 4: dutse da yashi

Dutsen tanki mai ramuka ne, a cikinsa bakteriyar da ke tace ruwa za su zauna. Kilo 6 zuwa 8 ya isa. Busasshen dutse ya fi dacewa da gidan da ke da yara, domin wanda aka ciro daga wani tankin yakan zo da tsutsotsi masu ƙaya da wasu baƙin da ba a gayyata ba. Ka fara dasa dutsen a kan gilashin ƙasa, sannan ka zuba yashin aragonayit da aka wanke, kaurin santimita 2 zuwa 3. In ka ɗora dutse a kan yashi, kifi mai haƙa zai rushe shi. A bar kogo ɗaya ko biyu, a bar tazarar hannu tsakanin dutse da gilashi don gogewa. Wannan aikin a yi shi da yaro a kan kwali a ƙasa tun kafin a sa ruwa, ya zaɓi inda ƙofar gidan kifi za ta kalla.

Mataki na 5: makonnin jira

Ka cika tankin, ka kunna injin, ka bar fitila a kashe. Babu kifi tukuna, kuma a nan ake gane wanda zai yi nasara, domin sauri ya haifi nawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona matsefin numfashin kifi. Wasu bakteriya suna mayar da ita nitrit, wasu kuma su mayar da nitrit nitret, wanda ba shi da illa sosai in bai taru ba. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, sai an raine su.

Ka zuba bakteriyar kwalba da ake sayarwa, sannan ka ba su abinci: ruwan amoniya na tanki har gwaji ya nuna 2, ko ɗan guntun ɗanyen jatan lande a bar shi ya ruɓe. Duk kwana biyu ko uku ka gwada. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, nitrit ya bi bayanta, nitret ya fara bayyana. Yawanci mako 3 zuwa 6 ne. Alamar an gama ita ce ka ƙara amoniya, bayan awa 24 gwaji ya nuna babu ita, babu nitrit. Daga nan ka canza kusan rabin ruwan don rage nitret. Tsohuwar dabarar jefa kifi mai juriya don ya fara raino zalunci ne, babu buƙatarta.

Mako shida a wajen ƙaramin yaro shekara ne. Kullum za ka ji "Baba, yaushe kifin zai zo?" Ka ba shi aiki. A manna takarda a bango, duk ranar gwaji ya duba launin da kwalbar ta nuna ya shafa irinsa da fensir mai launi. Ka ce masa ranar da launin ya koma na sifili, ranar za a fara shirin ɗauko katantanwa, kifi su biyo baya. Ruwan gwajin kansa sinadari ne mai ƙuna, kai kaɗai za ka ɗiga, kuma a kulle shi tare da magunguna.

Mataki na 6: masu shara, sannan kifi

Da ka fara kunna fitila, wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi. Kada hankalinka ya tashi, kowane sabon tanki sai ya yi ta, kuma tana wucewa. Lokacin ne ake kawo katantanwar teku huɗu ko biyar, irin Trochus masu cin gansakuka da Nassarius masu ɓuya a yashi. Waɗannan na biyun abin kallo ne: da abinci ya taɓa ruwa sai ka ga yashi ya motsa, 'yar hanci ta leƙo, katantanwa ta fito da gudu.

Bayan mako guda, sai kifi. Ka nemi irin kifin Nemo, wato Amphiprion ocellaris, guda biyu ƙanana, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona. Sun fi na kamun teku lafiya, sun saba da abincin gwangwani. Ka zaɓi ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Kifin nan babu wanda ake haifa mace a cikinsu: wanda ya fi ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, ɗayan ya zauna namiji. In ta girma takan ciji hannun mai goge gilashi, ba ciwo sosai, amma wani dalili ne na hana yaro tsoma hannu. A shago ka ce a ba su abinci a gabanka. Wanda ya ƙi ci, ko yake numfashi da sauri, ko yake da fararen ɗigo a jiki, ka bar shi.

A gida, a kashe fitila, a ɗora ledar a kan ruwa minti 15 don zafi ya daidaita. Sannan a juye a ƙaramin bokiti, a riƙa ɗiga ruwan tanki a ciki na minti 30 zuwa 45. A ɗauko kifin da raga, ruwan shago a zubar.

Tankin lita 75 kifi uku ne iyakarsa. Na ukun, bayan wata guda, zai iya zama gobi mai ruwan ɗorawa ko royal gramma mai rabin jiki shunayya rabi rawaya. Jatan landen Lysmata amboinensis mai jan baya da farin layi ma yana da daɗin kallo. Yaro zai nemi Dori, shuɗin kifin nan na cikin fim ɗin. Amsa ita ce a'a: yana kai santimita 30, yana son tanki mai ɗaruruwan lita, ga ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya. Kifin zaki mai dogayen ƙayoyi kuwa dafi gare shi. Anemon ma, dabbar nan mai kama da fure wadda kifin Nemo ke kwana cikinta a teku, a bar ta. Tana harbi, tana yawo har ta faɗa cikin injin, kuma kifin gona yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba.

Mataki na 7: murjani

Murjani dabba ne, amma a cikin namansa akwai ƙananan tsirrai da ke haɗa masa abinci daga haske, shi ya sa fitila take da muhimmanci. Awa 8 zuwa 10 a rana, a fara da rabin ƙarfinta a riƙa ƙarawa mako-mako. Ka jira tankin ya yi wata biyu, amoniya sifili, nitret ƙasa da 20, alkali tsakanin 8 da 9 a ma'aunin dKH.

Ka fara da masu taushi: Discosoma masu kama da faifai, Sarcophyton mai kama da lema, da koren nan da ake kira green star polyps. Wannan na ƙarshen da dare shimfiɗa ce kawai mai ruwan shunayya a kan dutse, da fitila ta kama sai ƙananan taurari kore su riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya har dutsen ya rufe. Xenia kuma tana buɗe yatsunta tana rufewa ba tsayawa. Su biyun suna yaɗuwa sosai, a ba su dutsensu daban a tsakiyar yashi.

Akwai irin da ban yarda a shigo da shi gidan da ke da yara ba, ko da masu shago za su ce shi ne na sababbi: Palythoa da danginsa Zoanthus, masu kama da ƙananan maɓallai masu launi. Wasunsu suna ɗauke da palitoksin, ɗaya daga cikin guba mafi ƙarfi da aka sani. Tana shiga ta rauni ko ido, kuma an sha kwantar da iyalai a asibiti bayan an wanke dutsen da ke ɗauke da su da ruwan zafi, tururin ya cika gida. Dokar ita ce kada a taɓa tafasa dutsen tanki ko a kankare shi a cikin ɗaki. Ko babu su, ruwan tanki yakan ɗauki ƙwayoyin cuta irin Mycobacterium marinum da ke shiga ta yanka, don haka mai rauni a hannu ya sa safa, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Mataki na 8: rabon aiki

Abin da ya fi kashe kifin yara shi ne abinci, saboda ƙauna. Gwangwanin abinci ya zauna inda hannunsa ba ya kaiwa. Ka samu ɗan akwati mai gida bakwai, ka zana kifi a murfinsa, ka zuba rabon kowace rana, abin da kifin za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu. Yaro ya buɗe gidan yau ya zuba, shi ke nan. Aikinsa na biyu ya karanta ma'aunin zafi da safe, na uku ya ja magogin maganaɗisu a gilashi kana tsaye, kada ya sauka har yashi, domin ƙwayar yashi ɗaya tana karce gilashin. Ka koya masa dokoki uku, ya koya wa abokansa: ba a buga gilashi, ba a tsoma hannu, ba a jefa komai.

Naka aikin: cikon ruwa kullum, canza audugar tacewa duk kwana uku ko huɗu, canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako da sabon haɗi mai gishiri da zafi iri ɗaya, gwajin nitret da alkali duk mako. In wata lamba ta kauce, a gyara ta a hankali cikin kwanaki, domin canji na farat ɗaya ya fi lambar da ta ɗan kauce illa.

Mutanen gida ma su sani: fiya-fiya da maganin sauro na feshi ko na kunnawa ba sa shiga ɗakin da tankin yake, kaɗan ya sauka a ruwa jatan lande ya tafi. Hayaƙin turaren wuta da feshin ƙamshi ma a nisanta su. Hannun da ke da man shafawa ko sabulu a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin ya shiga.

In ka ga fararen ɗigo a jikin kifi yana goga jiki da dutse, kada ka zuba magani a tankin, yawancinsu tagulla ce a ciki. Kifin ake cirewa a kai wani ƙaramin tanki marar dutse a yi masa magani a can, babban tankin kuma a bar shi babu kifi na aƙalla mako 6 zuwa 10 har ƙwayar cutar ta mutu don rashin mai ɗaukarta. In tafiya ta kama ku, ka cika akwatin abinci, ka ajiye jarkar ruwan ciko da aka rubuta wa suna, ka nuna wa wanda zai kula layin tef da inda injin iska mai batir yake, ka kuma ɓoye gwangwanin abincin da buhun gishiri.